Duk sunansu atomatik, amma me ya sa jinsu a ƙafa ba ɗaya ba?

Akwai abinda ke ɗaure wa mutane kai game da motocin nan marasa kuloci. Sai ka shiga guda biyu, duk an ce maka atomatik ne, duk P R N D ɗin nan ne a jikin giya, ƙarfin injinsu ma kusan ɗaya, amma ɗaya kana ɗaga ƙafa daga birki sai ta fara silalewa a hankali ba ko motsi, ɗayar kuma sai ta ɗan tsaya kamar tana shawara tukunna sannan ta zabura. Wata in ka taka totur zakaji tana shiga giya ɗaya bayan ɗaya, wata kuwa injin ne zai ɗau kuka ya tsaya a murya ɗaya ita kuma motar tana biyo shi daga baya. Da yawa daga nan sai su yanke hukunci ai giyabos ya fara mutuwa, a nemo bakanike. Alhali lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. Kalmar atomatik ɗin ce ta yi faɗi da yawa, an cusa na'urori wajen biyar a ƙarƙashinta waɗanda in ka buɗe cikinsu ba abinda ya haɗa su sai dai dukansu sun hutar da ƙafarka ta hagu.

Bari mu fara da matsalar da dukansu suke ƙoƙarin warwarewa. Injin fetur ko na dizal ba ya iya tsayawa cak ya kuma tashi da kaya a kansa, ko a tsaye kake yana silo wajen juyi 600 zuwa 800 a minti ɗaya, in ya sauka ƙasa da haka sosai sai ya mutu. Taya kuma dole ta tsaya a danja. Kenan dole a samu wani abu tsakanin inji da taya da zai yarda ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, sannan ya haɗa su a hankali. A manuwal ƙafarka ce ke wannan aikin. Abu na biyu, inji yana da iyakar juyin da yake bada ƙarfi mai kyau, shi ya sa ake buƙatar giya daban-daban, kuma lokacin da ake tsallakawa daga wannan zuwa waccan dole a san yadda za a yi da ƙarfin da ke tafiya taya, a yanke shi ne ko a bar shi yana wucewa. Kusan duk abinda kake ji a kujera da tafin ƙafa daga waɗannan wurare biyun yake fitowa, wajen tashi da wajen canji. Sauran kuma kwamfutar da ke yanke shawara ce, zamu zo kanta.

Na farko shine tsohon hannu, mai tok-kwanbata, wanda mafi yawan mutane suke nufi in sun ce atomatik. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya ka bar ɗayar a kashe, zakaga iskar ta farko ta fara juya ta biyun. Toh haka kwanbata take, sai dai maimakon iska man giya ne, kuma an rufe su cikin gwangwani ɗaya. Fankar farko tana manne da inji, ta biyu tana manne da giyabos, babu ƙarfen da ya haɗa su, mai ne kawai ke kai saƙo. A tsakiyarsu akwai wani ƙaramin faifai na uku mai fukafukai wanda aikinsa ya karkato man da ya dawo ya sake tura shi ya taimaki fankar farko, kuma wannan dabarar ce ke sa a lokacin tashi ƙarfin murɗawar inji yake ninkuwa kusan sau biyu kafin ma ya shiga giya ta ɗaya. Wani Bajamushe ne mai suna Hermann Föttinger ya fito da dabarar tun 1905, kuma ba don mota ya yi ba, don jiragen ruwa ne. General Motors ne suka fara saida atomatik da yawa a kasuwa, Hydra-Matic a Oldsmobile ta 1940, ita mai fanka biyu ce kawai ba ta ninka ƙarfi, sai Buick ta zo da cikakkiyar kwanbata a 1948.

Yanzu meye jin wannan a tuƙi? Laushi, malam. Tunda ruwa ne ya haɗa su, babu wani kamu da za a yi da zai girgiza ka. Ka saki birki ta fara rarrafe da kanta, kuma rarrafen nan na gaskiya ne ba kwamfuta ce ke kwaikwayonsa ba, man ne ke tura ta a kullum in dai tana D. Shi ya sa wajen fakin a matsattsen wuri, ko ribas kana so ka matsa taku ɗaya tak, ko cikin gosulo na awa guda, ba wanda ya kai ta daɗi, da birki kaɗai zaka dinga sarrafa ta. Haka wajen jan tirela ko tashi a kan hawa da kaya, ninkin ƙarfin nan yana taimakawa kuma zafin da zamewar ke haifarwa mai ne ke kwashe shi ya kai wajen sanyaya, ba fatar kuloci ce ke ƙonewa ba.

Amma laushin yana da kuɗinsa. Duk wanda ya tuƙa tsohuwar atomatik mai giya huɗu ya san abin nan, ka taka totur allurar juyin inji ta tashi fuuu, motar kuma sai daga baya ta ankara, kamar kana jan ta da igiyar roba. Ka ɗaga ƙafa a gangare kuma inji ba ya riƙe ta sosai, sai ta dinga zuruwa kana ta cin birki. Wannan zamewar ita ke shan mai, ita ce ta ja wa atomatik sunan mashayiya. Maganin da aka samo shine aka sa wani kuloci a cikin kwanbatar, in tafiya ta miƙa sai ya kulle fankokin biyu su zama abu ɗaya. Packard ta yi wannan tun 1949, amma sai ƙarshen shekarun 1970 ya bazu, lokacin da tsadar fetur ta matsa wa kamfanoni. A tsofaffin motoci kullewar sai an kai giyar ƙarshe, in ka kula zakaga kana tafiya daidai misali 60 ko 70 sai allura ta ɗan ƙara faɗuwa kaɗan kamar an shiga wata giya da ba ta cikin lissafi, toh kullewar kenan. A na zamani kuwa kusan mota na gama tashi ake kullewa, kwanbatar ta koma aikin tashi da tsayawa kawai. Mazda ma da wannan ta dinga tallan giyabos ɗinta na Skyactiv mai giya shida, cewa mafi yawan tafiyar a kulle take. Wannan ne ya sa atomatik ɗin yau in ka taɓa totur take amsawa nan take kamar manuwal, ba don an cire kwanbata ba.

Sai yawan giya. Mai giya huɗu tazarar da ke tsakaninsu babba ce, shi ya sa a kan doguwar hawa zakaji tana kai-kawo tsakanin uku da huɗu, ta huɗun ta mata nauyi ta ukun kuma ta sa inji ihu, ba ta da ta tsakiya. Mercedes ta kawo bakwai a 2003, Lexus LS460 ta kawo takwas a 2006, sannan kamfanin ZF na Jamus ya fito da 8HP mai giya takwas wanda ya fara shiga BMW 7 Series wajen 2009, Ford da General Motors kuma suka haɗa kai suka yi mai goma. Da yawan giya sai matakan suka zama ƙanana, kowane canji allura ɗan kaɗan take motsawa, wani lokacin sai ka kalli dashbod kafin ka san an canza. Kuma a ciki ba a yanke ƙarfi, wani kuloci na saki wani na kamawa a lokaci ɗaya cikin mai, 8HP na iya gama canji cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Inda yawan ke zama matsala shine in kana kan giya ta tara ko goma kana lallaɓawa sai ka so shan gaban wata mota, dole ta sauko giya huɗu ko biyar, in an tsara ta da kyau tsalle ɗaya zata yi, in ba haka ba zakaji ta tsaya lissafi kai kuma kana cikin layin wasu.

Na biyu shine mai tagwayen kuloci, DCT, wanda Volkswagen ke kira DSG, Porsche ke kira PDK. Wannan in ka buɗe shi ba ya kama da atomatik ko kaɗan, giyabos ɗin manuwal ne guda biyu aka cusa a gida ɗaya. Ɗaya yana riƙe da giya 1, 3, 5, 7, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6, kowanne da nasa kuloci. Kana tafiya a ta uku, ɗaya ɓangaren ya riga ya saka ta huɗu yana jira, lokacin canji na yi kawai sai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Shi ya sa canjinsa yake kamar ƙiftawar ido, allura ta faɗo tsaf ta tsaya, mota ba ta numfasa ba. Kuma tunda ƙarfe ne da ƙarfe babu ruwa a tsakani, duk abinda ƙafarka ta yi taya na ji, ka ɗaga ƙafa inji ya riƙe ta, ka taɓa ta amsa. Porsche ta gwada shi a motocin tserenta 956 da 962 a shekarun 1980, amma kwamfutocin lokacin basu kai su sa shi ya yi ladabi a titi ba, sai 2003 Volkswagen ta saka shi a Golf R32 aka fara saidawa jama'a.

A buɗaɗɗen titi kam, wallahi in ka saba da shi komai sai ka ji yana maka nawa. Matsalarsa tana ƙasa, a gudun tafiyar ƙafa. Ka tuna babu kwanbata, kenan rarrafen da yake yi in ka saki birki kwaikwayo ne, kwamfuta ce ke riƙe kuloci rabi da rabi kamar yadda ɗan koyo ke yi. Wani lokacin ta dace wani lokacin ta kama da ƙarfi sai kaji fizga, ko ta yi jinkiri mota ta ɗan koma baya a kan hawa. Sannan akwai zancen canka. Kana a ta uku kana ƙara gudu a hankali, ta canka cewa huɗu zaka je ta saka ta, sai kai kuma ka take totur har ƙasa, yanzu biyu ake buƙata, biyu da huɗu kuma a sanda ɗaya suke, sai ta cire huɗu ta nemo biyu, wannan ɗan shirun da kake ji kenan. An fi jin shi a shataletale, ka rage gudu kamar zaka tsaya sai ka hango dama ka taka, ita kuma tana tsakiyar shirin tsayawa.

Su ma iri biyu ne kuma bambancin ba ƙarami bane. Akwai wanda kulocinsa ke iyo cikin mai, shi yafi laushi yafi jure zafi, shi ake sa wa motoci masu ƙarfi. Akwai busasshe, irin na manuwal sak, mara nauyi mai tsimin fetur, ana sa shi a ƙananan motoci. Na taɓa zama a gefen wani abokina a wata ƙaramar mota mai busasshen nan, muna hawan gidan ajiye motoci mai hawa-hawa, layi ya tsaya a kan tudun, shi kuma ya saba da tsohuwar atomatik ɗinsa sai ya ƙi taka birki yana riƙe ta da totur kaɗan-kaɗan. Ba a yi minti goma ba motar ta fara kakkarwa duk sanda zata matsa, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya shigo, sai ga saƙo a dashbod wai giyabos ya yi zafi a tsaya. Ya dinga faɗa wai an saida masa ruɓaɓɓiya. Ni dai abinda na gani shine ya kwashe minti goma yana ƙona kuloci da ƙafar dama. Irin wannan motar in gosulo ya kama ka, taka birki sosai yadda kwamfuta zata san ka tsaya ta saki kuloci gaba ɗaya, ka bar tazara ta ɗan buɗe sannan ka matsa a lokaci ɗaya. Ba kuma ina wanke kamfanoni bane, wasu busassun sun zo da matsala ta gaske, Ford ta sha ƙararraki a kotunan Amurka kan PowerShift na Fiesta da Focus, Volkswagen ma ta janye motoci masu yawa a China a 2013 saboda DSG mai giya bakwai. Abin lura kuma, BMW da kanta ta cire DCT daga M5 a 2017 ta koma ZF mai kwanbata, daga baya M3 ma ta bi, don atomatik ɗin gargajiya ya kusa kamo shi a sauri kuma ya fi shi ladabi a gari.

Toh sai wanda aka fi zagi, CVT. Shi ba shi da giya ɗaya biyu uku kwata-kwata. Ka ƙaddara keke mai giya, faranti a gaba faranti a baya da sarƙa, sai dai a nan farantan suna iya ƙara girma ko su ƙanƙance ana cikin tafiya. Kowanne an yi shi da mazurari biyu suna kallon juna, in suka matso sai bel ɗin ƙarfe da ke tsakani ya hau sama kamar yana kan babban faranti, in suka buɗe ya nutse ciki kamar ƙarami. Na gaba na girma na baya na ƙanƙancewa, ba mataki ba tsalle. Kamfanin DAF na Holan ne ya fara saka shi a ƙaramar mota a 1958 da bel na roba, har ana mata dariya don gudun da take yi gaba shi take yi da ribas. Yau bel ɗin na ƙarfe ne, wasu kamar Subaru sarƙa suke amfani da ita.

Abinda ke ɓata wa mutane rai shine in ka take totur, inji zai haura misali 5,000 ko 6,000 ya tsaya nan yana kuka murya ɗaya, gudu kuma yana ta ƙaruwa a hankali. Kunnenmu ya saba cewa ƙara na hawa gudu na hawa, ƙara ta faɗo a sake hawa, toh da aka raba ƙara da gudu sai ƙwaƙwalwa ta ce kuloci na zamewa. Amma ta fuskar lissafi abinda CVT ke yi shine daidai, ya ajiye inji a inda yafi ƙarfi ya bar shi a can. Ƙungiyar tsere ta Williams ta gwada shi a motar Formula 1 a 1993, hukumar tseren ta haramta shi kafin ma ya shiga gasa, kaga kuwa ba a haramta abinda ba shi da amfani. Duk da haka ƙorafi ya yi yawa har kamfanoni suka koma koya wa CVT yin ƙarya, in ka taka da ƙarfi sai ya dinga yin matakai na bogi, allura ta hau ta faɗo ta hau, don kawai ranka ya yi daɗi, ko da hakan na rage masa ɗan abinda aka yi shi dominsa. Toyota kuma a 2018 ta zo da wata dabara a Corolla, ta sa giya ta ɗaya ta gaske mai haƙora don tashi, in mota ta ɗau hanya sai a miƙa wa bel, wannan ya rage nauyin jikin da ake ji a farkon tashi sosai.

Ni a ganina an zalunci CVT. In kai mai tuƙi ne a natse, kana taka totur kwata ko rabi, babu abinda ya kai shi santsi, allura na zaune ƙasa mota na ta ƙara gudu shiru, a kan hawa ba ya kai-kawo tunda kullum yana da ta tsakiya, kuma yawancinsu suna da kwanbata a gaba don haka rarrafensu a gosulo mai kyau ne. Inda yake tona kansa shine ƙaramin inji mara turbo cike da mutane ana so a sha gaban babbar mota, nan kam sai kukan. Ba ya kuma son jan kaya mai nauyi ko doguwar hawa da zafi, don bel ɗin matsewa kawai ke riƙe shi, in mai ya yi zafi kwamfuta zata rage maka ƙarfi da kanta. Kuma mansa daban ne, kar a kuskura a zuba masa na atomatik ɗin gargajiya.

AMT ba sai na ja ba. Manuwal ne mai kuloci ɗaya aka ɗora masa ɗan inji yana taka kuloci yana jan giya a madadinka. Tunda kuloci ɗaya ne dole a yanke ƙarfi kafin a canza, sai kaji mota ta saki, kanka ya yi gaba, sannan ta kama kanka ya dawo, kowa a motar yana gyaɗa kai kamar an tambaye su abu. A manuwal ma haka ake yi, bambancin kai ne ka san lokacin, a nan kuwa ba a sanar da kai. In ka koyi ɗaga ƙafa kaɗan daidai lokacin da zata canza, rabin gyaɗawar zai tafi. A tsere ma an yi amfani da shi, a Ferrari ta 1989 wadda Nigel Mansell ya ci tseren Burazil da ita, daga baya ya shiga Ferrari F355 ta titi a 1997, har Lamborghini Aventador kuloci ɗaya take da shi kuma dukan bayan da take yi wajen canji wasu shi suke so. Yau an fi samunsa a ƙananan motoci masu araha da manyan motocin dakon kaya irin I-Shift na Volvo.

Akwai kuma rikicin suna a motocin haibirid. Toyota na kiran nata e-CVT tun Prius ta 1997, mutane sai su ɗauka bel ne, alhali babu bel babu mazurari, wasu giyoyi ne masu zagaye juna suka haɗa injin fetur da injinan lantarki guda biyu, saurin ɗaya injin lantarkin ne ke tsara juyin na fetur ɗin. Tashinta da lantarki ne shi ya sa take amsawa nan take ba jira, amma in ka take zakaji kukan nan mai murya ɗaya irin na CVT, daga nan sunan ya samo asali.

Yanzu ga abinda yafi duk wannan bayanin ƙarfen muhimmanci a wurina. ZF 8HP ɗin nan da na ambata, dangi ɗaya ne a cikin Rolls-Royce da Ram mai ɗaukar kaya da Alfa Romeo Giulia da Toyota Supra. Ka tuƙa su ba zaka taɓa cewa 'yan gida ɗaya bane. A ɗaya an ce masa ya ɓoye kansa kar a ji shi, a ɗaya an ce ya buga canji yadda direba zai ji a bayansa. Manhajar da ke cikin birenbos ita ke faɗin yaushe za a canza, da wane ƙarfi kuloci zai kama, yaushe kwanbata zata kulle, har tana ce wa inji ya ɗan sassauta na ɗan lokaci a tsakiyar canji don kar a ji bugu, wannan ɗan "fat" da ake ji a salansar wasu motocin DSG daga nan yake. Kuma saboda gwajin shan mai da hayaƙi da hukumomi ke yi, yawancin motoci an tsara su su ruga giyar sama da wuri, sai kaga kana 50 tana giya ta shida inji na gurnani a 1,200, ka taɓa totur ba komai sai ka ƙara. Mutum ya ce motar ba ta da ƙarfi, alhali rowar giya aka koya mata. Danna Sport ba ya ƙara wa inji ko doki ɗaya a yawancin motoci, kawai yana hana ta gaggawar hawa ne ya kuma sa totur ya fi jin taɓi. Da yawansu kuma suna lura da yadda kake tuƙi, in ka kwana biyu kana lallaɓawa su ma su lafa, shi ya sa motar da ka ara daga wani take maka baƙon hali a ranar farko.

Ya kamata dai mutum ya iya raba hali da ciwo. Jinkirin DCT a shataletale hali ne, kukan CVT in an take hali ne, gyaɗa kan AMT hali ne, ɗan taurin canji da sassafe kafin mai ya ɗumama shima hali ne. Amma in a tsakiyar canji allura ta yi tsalle sama kamar an sa firi sannan ta faɗo da bugu, ko ka sa D ko R ta daɗe kafin ta shiga sannan ta shiga da ƙara, ko kana tafiya daidai da totur kaɗan kaji rawa kamar ka hau kan tsakuwa na 'yan daƙiƙu, wanda sau da yawa kulocin cikin kwanbata ne ko tsohon mai, ko CVT ta dinga fizga a ƙaramin gudu, wannan kam a je a duba. In zaka gwada mota kafin ka saya kar ka tafi babban titi kawai, can kusan dukansu lafiya suke. Ka nemi ɗan tudu ka tsaya ka tashi, ka yi ribas a hankali kamar zaka shiga fakin, ka rage gudu zuwa na tafiyar ƙafa sannan ka taka ba zato, a minti biyar zaka san da wa zaka zauna. Ni in a gari zan yini, ba ni mai kwanbata na zamani mai giya shida ko takwas, ko haibirid. In don nishaɗi ne a hanya mai kwana-kwana, DCT mai iyo cikin mai.

Motocin lantarki kuwa sun tsallake rigimar gaba ɗaya, don injin lantarki yana bada ƙarfinsa tun daga tsaye kuma yana juyawa sama da sau 10,000 a minti ba damuwa, don haka giya ɗaya ta ishe yawancinsu, Porsche Taycan ce ma ta sa biyu a baya. Ba tashi da kuloci, ba canji, ba jira. Sai ga Hyundai a 2023 ta fito da Ioniq 5 N, motar lantarki zalla mai giya ɗaya, amma an sa mata manhajar da ke kwaikwayon DCT mai giya takwas, da ƙarar inji ta cikin sifika, da 'yan madannai a bayan sitiyari, kowane canjin bogi tana yanke ƙarfi kaɗan ta dake ka a baya, in ka manta baka canza ba ma sai ta tsaya tana bugawa a ƙarshen allura ta ƙi ƙara gudu har sai ka ja madannin.